Igiya a Hannuna

Wata goma sha ɗaya takardar tana can,
a birnin da ban taɓa shan ruwansa ba.
Jar akuyar Inna Kuluwa ta ɗauki ciki,
ta haihu, ta yaye, ta koma bin bunsuru,
ni ko gyaran murya ban ji ba.

Amsa ta zo ran Talata, an ɗauke wuta.
Na karanta ta a waya, bisa tabarma,
gumi na bin gadon bayana.

Mai duba na farko ɗan halak ne.
Ya ce jadawali na uku ya karkace.
Na duba, ashe na zuba awakin Tibiri
cikin lissafin na Madarunfa.
Allah ya saka masa, ko sunansa ban sani ba.

Na biyu kuwa,
awaki ɗari biyu da arba'in sun yi masa kaɗan,
shi da bai taɓa riƙe ƙafar guda ba
tana harbi, ma'auni na lilo a reshen bedi.
Ya ce in ambaci wasu takardu bakwai.
Na nemo su. Suna ɗaya ke kan duka.
Kura ta naɗa rawani, ta mance wutsiya a waje.
Sannan ya ce zancen matan ƙauye ba hujja ba ne,
a cire.

A cire Inna Kuluwa,
wadda ke murza kashin akuya da yatsa biyu
ta gaya mini ciwon kafin kwalabena su isa ɗakin awo.
Ita ta ce in bar ƙirgar dusa,
in ƙirga ƴaƴan gawo da ake tsinta a rani.
Shekara uku ina auna abin da ta faɗa a tsaye,
zani ɗaure a ƙirji, tana dakan hatsi.

Edita ya ba ni kwana talatin,
da kuɗin bugu, jikka ɗari tara in an karɓa.

Hashiru ya same ni a biro da safe,
takalminsa duk yashin gulbi.
Malama, a yi haƙuri a gyara,
digirina na rataye a wuyan takardar nan.
Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban yi barci ba.
Sunansa ne na biyu a kanta,
kuma shi ya tatsi rabin nonon.
Kwana huɗu muna ja, a na biyar ya ce,
in an cire ta, me ya rage da ba a sani ba?

Layi uku na rubuta.
Na gode da wahalarku.
Mun janye takardarmu.
A tabbatar mana a rubuce.

Ba a kai akuya guda kasuwa biyu a yini guda,
sai na zauna jiran su sakar mini igiya.
Kwana tara. Suka saki, ba ko sai an jima.

Akwai wata mujalla ƙarama,
ba ta da suna mai cika baki,
amma likitocin dabbobi na karanta ta.
Wataƙila su ma su ƙi.
Na miƙe jadawali na uku, na bar Inna inda take,
shafi na shida, da sunanta, da izininta.

Ran Juma'a na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa.
Ta ce, ƴar boko, takardar ta fito?
Na ce na kwanto ta daga turke, zan sauya kasuwa.

Ta ci gaba da watsa harawa, ba ta dube ni ba.
To, ki yi sauri, in ji ta.
Dabbar da ta daɗe tana yawon kasuwa,
haƙoranta ake fara dubawa.